Wayar da Aka Cire wa Bas ɗin Nomau

Illiya na riƙe da wuyan wata gitar bas da ya saya okaziyo, wato ta hannu, a wurin wani direban Arlit, ya runtse ido ɗaya yana duba ko ta karkace, sai ga Issouf ya tsayar da moto a ƙofar shago. Ya shigo da sallama, rataye da doguwar baƙar jaka. Illiya bai jira an buɗe ba. Bas ɗin abokinsa Nomau ce, kuma Illiya ne ya haɗa masa ita da hannunsa tun suna samari: gangar jikin daga wata gita da ta faɗo daga kan mota, wuyan daga wata da zafi ya tsaga wa ciki. Duk mai kaɗa tsirkiya huɗu a Agadez ya san shagon nan, inda ake sayen matattun gitoci a tashe su.

"Tsohon ne ya aiko ka?" in ji Illiya.

"Ni na amso, Baba. Na ce mishi zan kawo a duba kahin bikin yau na unguwar Dagmanet, bayan la'asar."

"Mi ya same ta kuma?"

Issouf ya zauna a kan benci yana murza makullin moto. "Ba abin da ya same ta. Kai ma ka sani."

Illiya ya sani. Tun bara Nomau ke kawo gitar nan yana cewa muryarta ta dushe. Illiya ya canza tsirkiya, ya canza mikro mai ɗaukar sautin tsirkiyar, ya goge abin da ba ya buƙatar guga, kullum ya miƙa masa ya ce ta gyaru. Gita dai lafiyarta lau. Kunnen mai ita ne ya tafi, bayan shekarun da ya kwashe tsaye a gindin lasifika daga wannan biki zuwa wancan. Nomau ne ya kafa orkes ɗin, wato ƙungiyar kiɗansu, shi ya koya wa Issouf riƙon gita, shi ya damƙa masa shugabanci da kansa. Yanzu kuwa in an fara kiɗa sai ya wuce mai ganga ko ya tsaya a baya, ya murɗe ampli, akwatin ƙara sautinsa, har ƙarshe, mata masu rawa su tsaya cak suna kallon juna.

"Dangin ango sun kira ni jiya," Issouf ya ce. "Sun ce in tsohon zai ɓata musu kiɗa, su nemi wasu. Ba su ne na farko ba, Baba."

"To?"

"Waya guda za ka cire a ciki. Ya tsaya wurinshi, ya kaɗa abinshi, amma kar sauti ya hito. Lukumanu zai yi bas da hannun hagu a piyano, ta cikin manyan lasifikan sono. Ba mai ganewa. Shi ma ba ya ganewa."

Illiya ya ajiye gitar da ke hannunsa. "Ka faɗa mishi gaskiya mana."

"Da wane baki? Mutumin da ya tsaya mini matsayin uba ranar aurena? Bon, kai ne abokinshi. Kai ka faɗa mishi."

Illiya ya jawo jakar gabansa. Ai ce wa wani ya faɗi gaskiya ba wuya. Shi da ya shekara yana canza lafiyayyun tsirkiyoyi don kada ya dubi idon abokinsa ya ce masa ya kurumce, ina ya ga bakin yi wa Issouf wa'azi? Kunya ce ta ɗaure su duka biyu, kowa na tura wa ɗan'uwansa.

Issouf ya tafi ya dawo, kafin nan an gama. Aikin bai kai tafasar shayi ba. Illiya ya kwance murfin baya da turnabis, ya ɗora ƙarfe mai zafi a kan dalmar da shi ya narka da hannunsa shekarun baya, jar wayar ta saki. Ya naɗe bakinta da kyau, ya kwantar da ita a gefe, ya mayar da murfi. Har ya shafa wa wuyan mai, ya saita tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, don ba ya iya sakin gita a karkace ko da ba za ta yi magana ba. Da ya miƙa wa Issouf jakar, bai ko amsa godiyarsa ba.

Illiya ba mai zuwa biki ba ne, amma bayan la'asar sai ga shi a Dagmanet, tsaye a jikin katanga bayan 'yan kallo. An tare lungu da tabarmi da kujeru, mata sun cika fili da ƙamshin turare. Nomau na can gefen mai ganga, ya sha farin rawani da babbar rigarsa ta Juma'a. Da ya hango Illiya sai ya ɗaga hannu ya ƙwala masa kira da irin ƙarfin muryar waɗanda ba sa jin kansu.

"Makanike! Yau an hito daga rami?"

Mutane suka yi dariya, Illiya ma ya yi tasa ta dole.

Aka fara. Gaskiya kiɗa ya yi daɗi, irin daɗin da aka daɗe ba a ji ba. Ganga da bas suna tafiya tare, guɗa ta tashi, fili ya cika. Issouf ya saki fuska. Illiya har ya fara ce wa ransa wataƙila dabarar nan ba ta da laifi.

Sai ya ga Nomau ya ja da baya taki ɗaya, yatsunsa na kan tsirkiya, ya jingina sha-raɓarsa da jikin amplinsa.

Nan Illiya ya gane. Ashe da ƙafa tsohon yake jin kiɗansa tun da kunne ya ƙi. In akwatin ya girgiza, ya san gitarsa na magana. Yau akwatin shiru, kamar an jingina da buhun gero.

Nomau ya sunkuya ya murɗa maɓallin ampli. Ya dafa gaban akwatin da tafin hannu. Ya bi igiyar da ido tun daga akwatin har gindin gitar, ya ga komai na wurinsa. Ya ɗago ya dubi masu rawa, ya ga ƙafafunsu na faɗuwa daidai, babu mai tsayawa. Daga nan ya juya ya tsura wa hannun hagun Lukumanu ido yana tafiya a kan piyano. Can ya nemo Illiya a jikin katanga.

Bai daɗe yana kallonsa ba. Ya gyara rawaninsa, ya koma wurinsa, ya ci gaba da kaɗawa, har da ɗan rangaji kamar yadda ya saba. Wata dattijuwa ta taso tana rawa ta liƙa masa kuɗi a goshi, tana cewa da ƙarfi don ya ji, "Yau tsoho ya tuna da! Allah ya bar mana kai!" Nomau ya yi mata murmushi ya rusuna.

Illiya bai iya tsayawa ba. Ya sulale ya koma shago a ƙafa, ya zauna a cikin gitocin mutane, ya yi kukan da rabonsa da shi tun rasuwar mahaifiyarsa. Garin neman gira sun rasa ido, shi da Issouf.

Bayan magariba ya ɗora shayi, ba don yana so ba. Yana cikin fifita gawayi ya ji sallama. Nomau ne, shi kaɗai, jakar a kafaɗarsa. Ya zauna a kan bencin kamar kullum, ya karɓi kofi ya kurɓa.

"Sukari ya yi kaɗan," ya ce. "Tsufa ya sa ka rowa."

"Nomau," Illiya ya matso kusa da kunnensa, "ni ne na..."

"An ce yau na yi kiɗa," Nomau ya katse shi. "Kowa sai yabo. Har gida aka biyo ni da shi. Ramata ta ce tun da ta aure ni ba ta ga an yabe ni haka ba."

Ya shanye shayin, ya buɗe jakar, ya fito da gitar. Ya goge wuyanta da bakin rawaninsa, a hankali, daga sama har ƙasa. Sannan ya miƙe ya duba bangon da Illiya ke rataye na sayarwa, ya sami ƙusa da ba kowa, ya rataye ta da kansa.

"Kar ka ba wanda zai aje ta a ɗaki. Ka ba mai zuwa biki."

"Zauna mu yi magana, don Allah."

Nomau ya naɗe jakar ya sa a hammata. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Amma ka maida wayar kahin ka saida, Illiya. Kar ka cuci ɗan mutane."

Ya fita. Illiya ya biyo shi har titi, ya kira sunansa, ya sake kira da iyakar ƙarfinsa, har mai shagon kusa ya leƙo. Nomau bai waiwayo ba, kuma Illiya bai san ko rashin ji ne ya hana shi ba.