Shekara Biyun da Gado Ya Ɗauke

Sau biyu Madam Fa'iza ta karanta takardar haihuwar, sannan ta ɗaga kai ta dubi saurayin da sai da ya sunkuya kafin ya shigo ƙofar ofishinta. Gemu ma har ya fara tsiro masa. Ta sake duban takardar tana danne dariya.

"Baba Gado, wagga takarda ta ce shekarun Rilwanu goma sha bakwai."

"Ƙarya takai, ɗiyata," in ji tsohon, ya gyara zaman hularsa. "Goma sha tara gare shi cur."

Gado shi ne sarkin farautar ƙauyensu, can bayan Garhanga. Shekaranjiya rediyo ta sanar cewa an buɗe lokacin farauta na bana, gobe da safe kuma mutanen garinsu za su fita farautar farko kamar yadda suka saba kowace shekara bayan an gama kai amfanin gona rumbu. Shi ya sa tun da hantsi ya hau bayan babur ɗin jikansa, suka sha duwatsun hanya har Keita, ofishin gandun daji, don a ba yaron farmi, takardar izinin riƙe bindiga a daji. Bindigar tana can gida rataye, an shafe ta da mai, sai ƙyalli take yi. Gado ya riga ya gaya wa duk wanda ya tsaya saurarensa, har da waɗanda ba su tsaya ba, cewa gobe a kafaɗar Rilwanu za a gan ta.

"An haihe shi shekarar hwara," ya ci gaba, yana kaɗa yatsa. "Ranar da tas sauka gonar Maiguwa, ranar uwatai tad durƙusa. Sati guda sunka yi da ɗiyar Hawa, ga ta can ɗakinta da ɗiya biyu. Ki dube shi mana. Wanga ya yi miki kama da ɗan sha bakwai?"

"Bai yi ba," in ji Fa'iza. "Amma wa yag gaya ma mai rubutu hakanan?"

Gado ya sami abin kallo a jikin bango.

"Ga shi nan zaune gabanki, Madam," in ji Rilwanu.

Abin da ya faru ba wani ɓoyayye ba ne, rabin gari sun yi irinsa. Gado ya riƙe jikan nan a gindinsa tun yana ɗan mitsitsi, yana yawo da shi daji yana nuna masa sawun zomo da na kurege, har yaro ya shekara tara bai taka lakwal, wato makarantar boko, ba. Da uwarsa ta tada hankali, sai malamin makaranta ya ce shi 'yan shekara bakwai yake ɗauka. Aka yi sa'a masu yin takardun haihuwa suka zo ƙauyen suka kafa tebur a gindin gawo. Gado ya ja hannun yaron, ya tsaya gabansu da farin gemunsa, ya ce bakwai, ko ƙifta ido bai yi ba. A lokacin Rilwanu ɗan firit ne, sai aka rubuta. Shekara goma Gado yana ba da labarin nan a majalisa yana yabon wayonsa, yau ga wayon ya biyo shi har Keita.

"To a maida mishi abinai," in ji Gado. "Ni na ɗauke, ni na ce a maida. Ga alƙalami nan hannunki."

"Ba aikin alƙalamina ba na, Baba. Sai an koma wurin alƙali, a kawo shaidu, a yi watanni ana kai da komowa, kuma takardun lakwal nai duk su rikice. Doka ta ce sai ya cika sha takwas. Baɗi warhaka shi zo, da hannuna zan ba shi."

Baɗi. Kalmar ta daki Gado a inda ba wanda ya sani. Sai ya ce wa Rilwanu ya fita ya duba babur kada yara su taɓa. Sai da ya ji takun yaron ya yi nisa ya matso da kujerarsa.

"Ɗiyata, baɗi ba ni da ita. Ba mutuwa nika nuhi ba, wannan na Allah na. Idona ka tahiya. Likita na Tawa ya ba ni ruwan ɗigawa, ya ce jinkirta abin za shi yi, ba warkewa ba. Yanzu haka huskarki ban ganinta, sai koren tuhwan da ke jikinki. Bana in ya harba kusa da ni, ko hayaƙin bindigar na gani. Baɗi ko shi ba ni gani. Ban gaya ma kowa ba."

Tausayi ya kama Fa'iza ƙwarai, kuma ba ta ɓoye ba. Ita ma 'yar wannan ƙasa ce. Uwarta na cikin matan da suka yi shekaru suna jera duwatsu a kan tuddai suna dasa itace, lokacin da dajin ya zama fako, zomo ma sai a labari. Ta san da gumin wa zabin daji suka dawo, shi ya sa ba ta wasa da takarda. Amma ta san tsofaffi ma.

"Baba, kai da mi kah hwara? Da bindiga?"

"Bindiga?" Gado ya ɗaga murya, har ya manta da baƙin cikinsa. "Wa za shi ba ka? Kere! Ubana shekara ukku yas sa ni jihwa da kere, ni da kare. Ranar da na taɓa bindigatai ba da izni ba, kwana biyu ban zauna daidai ba. Yaran yanzu..."

Sai ya tsaya, don ya ji tana dariya ƙasa-ƙasa.

"To shi Rilwanu shekara nawa yay yi da kere?"

"Ya iya jihwa. Gwangwani da kututture ba wanda bai kaɓe ba."

"Cikin hwarauta nika tambaya."

Gado ya sosa gemu. Ko sau ɗaya yaron bai taɓa shiga sahun mafarauta ba, kullum lakwal ta riƙe shi. Gaggawar ido ce ta sa tsohon ya so tsallake abin da ubansa bai bar shi ya tsallake ba, kuma ya san hakan sarai.

Fa'iza ta ce kere da kare, a dajin garinsu, cikin lokacin da aka buɗe, gadonsu ne, ita ba ta hana ba. Zomo, kurege, fakara, zabo. Ban da tuje, ban da barewa, ban da mace mai goyo, kuma duk wanda ya sa wa daji wuta da ita zai gamu. Ta ce gobe za ta zo da kanta ta ga fitar.

Suka kama hanyar komawa, Gado a bayan babur. Sun wuce kwarin da ake noman albasa, sun fara hawan dutse, sannan ya yi gyaran murya.

"Kai, akwai maganar da zan gaya maka. Ta idona."

"Tsoho, na sani tun bara."

"Ka san mi?"

"Ranar da kat tsaya kana gaida damin karan Maiguwa, har kana tambayar shi iyali. Ina bayanka. Gogo Cima ma ta sani. Ka aza buta da kanta taka zuwa wuri guda kullum? Ita ka ajiye maka."

Gado ya ɗaka masa duka a kafaɗa, babur ya yi tangal-tangal, su biyun suka fashe da dariya har sai da Rilwanu ya tsaya gefen hanya. Wani nauyi da tsohon ya yi shekara yana ɗauke da shi shi kaɗai ya sauka a nan, kusa da wata 'yar aduwa. Ya ji daɗi, ya kuma ji haushin an daɗe ana yi masa wayo a gidansa.

Da suka isa, Cima matar Gado na tankaɗe a tsakar gida. Ta saurari labarin duka ba ta ɗaga kai ba.

"Ashe gwamnati ta kama ɓarawon shekaru," ta ce. "Da sun tambaye ni, da na ba da shaida."

Gado ya juya mata baya. Ya shiga ɗaki, ya wuce bindigar da ke rataye, ya laluba bayan randa ya ciro tsohon kerensa. Saiwar kanya ce, ta yi baƙi don shan hannu, ga wata tsaga a ƙugiyarta da ta samu tun zamanin ubansa. Saboda tsagar nan, in aka jefa shi yakan yi wani siririn fito a iska. Ya miƙa wa Rilwanu ba tare da wani dogon jawabi ba.

Washegari da sassafe, sanyi na cizon kunne, maza kusan arba'in suka taru a bakin gari da karnukansu. Motar gandun daji ta iso, Fa'iza ta sauko ta duba takardun mutum huɗun da ke da bindiga, ta maimaita abin da aka hana. Wasu suka fara zunɗen kafaɗar Rilwanu, wadda aka yi wata guda ana yi mata alkawari.

"Sarki, ina bindigar?" wani ya tambaya.

"Tana hutawa," in ji Gado. Ya yi addu'a, aka shafa, sahu ya buɗe ya shiga daji.

Al'adarsu ita ce in aka jefi dabba aka yi gardamar wanda ya same ta, sarkin farauta ke yanke hukunci, kuma ba a ja da shi. Wannan ne abin da ke cin Gado a rai tun asuba. Yana tafe a tsakiyar sahu da sandarsa, Fa'iza na gefensa kamar mai rakiya kawai, tana ɗan rage tafiya duk inda dutse yake. Mutane a wurinsa inuwoyi ne masu motsi. Amma yana jin komai: ƙarar busasshiyar ciyawa, hakin karnuka, fakara da ta tashi can hagu aka yi mata ihu ta tsira.

Rana ta ɗan ɗaga lokacin da Duna, karen Rilwanu, ya yi wani gajeren haushi a gindin sabara. Zomo ya fito a guje ya yanki fili. Kere biyu suka tashi kusan tare, na Rilwanu daga dama, na Zakariya'u ɗan Maiguwa daga hagu. Gado bai ga ko ɗaya ba. Ya ji siririn fiton nan da ya sani shekara hamsin, ya ji ya katse tim a jikin abu mai laushi, sannan ya ji ɗayan ya bugi dutse ya yi tsalle.

"Ya samu," ya ce, tun kafin kowa ya buɗe baki.

Samari suka ruga, aka yi bisimilla aka yanka. Sai gardama ta tashi, don keren Zakariya'u ne aka tarar kwance kusa da zomon, na Rilwanu ya wuce can gaba. Aka zo gaban Gado da zomo da kere biyu. Zakariya'u, cikin ladabi amma da zafi, ya ce kowa ya ga inda nasa ya faɗi.

"Naka dutse yab buga, ya dawo ya kwanta nan," in ji Gado. "Jihwa mai kyau ta, amma ka makara kaɗan. Na Rilwanu na."

Mutane suka dubi juna, kowa na tunanin jika jika ne.

"Ku duba tsagar keren," in ji Gado.

Maiguwa da kansa, uban Zakariya'u, ya karɓa ya kai kusa da ido. Ya sa farce ya zaro gashi mai ruwan ƙasa daga cikin tsagar, ya ɗaga kowa ya gani. Daji ya ɗauki sowa. Zakariya'u ya yi dariya ya rungumi Rilwanu, karnuka suka rikice da haushi ba su san dalili ba.

"Idon sarki dai har yanzu ba kama tai," in ji Maiguwa.

Fa'iza ta juya kai gefe, Rilwanu ya sunkuyar da nasa. Gado bai gyara maganar ba.

Yaron ya durƙusa ya ɗora zomon a hannuwan kakansa, kamar yadda ake yi da naman farko. Da ɗuminsa. Gado ya shafa bayan, ya laluba har ya sami inda keren ya sauka, daidai bayan kunne, inda ubansa ya koya masa, shi ma ya koya wa wannan da gwangwani. Murna ta cika shi har ya rasa abin cewa, sai ya ce zomon bai da ƙiba.

"Ka kai ma Gogonka," ya ce. "Kai ba ka cin naman hwarko, ka sani."

Fa'iza ta taya Rilwanu murna. "Baɗi ka zo da takardarka, farmi na jiranka."

"Ba shi zuwa baɗi," in ji Gado.

"Tsoho, shekara guda tac ce."

"Ita tac ce guda. Ni biyu na ɗauke maka, biyu zan maida. Ɗauki kerenka, sahu ya yi nisa."

Rilwanu ya buɗe baki zai yi magana, sai Duna ya sake yin haushi can gaba. Ya suri keren ya ruga. Gado ya tsaya inda yake, ya karkata kai, yana saurare.