Jar Saniyar Inna

Igiyar tana hannun Kawu Daudu tun kafin ya yi sallama. Zubaida na durƙushe tana tatsa. Da ta ga igiyar, ta kuma ga dillalin shanu a bayansa yana ƙare wa saniyarta Woɗe kallo, sai ta ajiye ƙwaryar.

"Kawu, lafiya da igiya?"

"Lafiya lau. Saura kaɗan kuɗin makarantar ƙanenki su cika."

Saura kaɗan! Tun da Jalaluddeen ya ci jarrabawar makarantar koyon tuƙin jirgin sama ake ta wannan saura kaɗan ɗin. Makarantar ba ta ɗaukar nauyin kowa, ko man da yaro zai ƙona a sama danginsa ne za su biya. Gonar fadama ta tafi. Garken marigayi Baffa ya bi bayanta. Yanzu kuma ido ya dawo kan Woɗe, jar saniyar da Inna ta damƙa wa Zubaida a ciwon ajalinta, jikar wadda Innar ta zo da ita daga gidan ubanta.

"Ai ko lafiyarsa ba a duba ba," in ji Zubaida. "A bari likitansu ya gan shi tukuna."

"Likita! Yaron da ke tsayawa kan dutsen Roni ya hango saniyar da ta ɓace? Sallah ta matso, yanzu ne dabba ke da daraja. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe."

"Ƙanwarka ce ta ba ni ita, Kawu."

"To ke za ki koya mini darajar shanun gidanmu? Ko so kike a ce ke kika hana ɗan'uwanki tashi?"

Jalaluddeen ya matso, kansa a ƙasa. "Adda, don Allah. Ranar da na fara ɗaukar albashi, garke guda zan saya miki."

"Garken ya san Inna?"

Ya kawar da kai. Ganinsa haka ne ya karya ta, don ita ta goya shi. Ta fizge igiyar daga hannun Kawu, ta ce wallahi babu ƙaton da zai ja mata saniya. Da kanta ta kai Woɗe bakin mota, maraƙarta na biye, don dillali ya ce uwa da 'ya yake so. Ta dawo ta watsar da madarar a ƙasa. Ranar ko ruwa bai wuce mata maƙogwaro ba don baƙin ciki.

Bayan Sallah Jalaluddeen ya dawo daga gwajin lafiya a Legas, ya zauna a gindin bukka kamar wanda aka yi wa mutuwa. Zuciya lafiya, kunne lafiya, hangen nesa kuwa har likita ya yaba. Sai aka buɗe masa wasu hotuna masu ɗigo-ɗigo, aka ce ya faɗi lambar da ke ciki. Bai ga komai ba. Ashe idonsa ba ya bambance ja da kore, matuƙin jirgi kuwa da fitilu ja da kore yake aiki. Likita ya ce haka aka haife shi, ba magani.

Zubaida ta miƙe tsaye.

"Barkono, Kawu! Ka manta? Duk kaka a tura shi tsinkar jajaye, ya cika kwando da ɗanye. Kai da hannunka ka sha zane shi, kana cewa iskanci ne. Duk rugar nan wa bai sani ba? Dariya muka mayar da abin!"

"Zubaida, ƙaddara ce."

"Ƙaddara ce ta zo da igiya? Na ce a jira, ka ce Sallah!"

Kawu ya ce ai kuɗin ba su ƙare duka ba. Ta ce ya je ya tatse su ya sha. Ta aika neman dillali, ya ce tun jajibirin Sallah motar ta yi Kudu.

Ranar kasuwa da yamma sai ga Jalaluddeen yana janye da karsana. Shi kaɗai ya je da ragowar kuɗin, bai shawarci kowa ba. Ƙafafunsa sun yi futu-futu, ga alama tun daga titi ya tako da ita.

"Adda, na zagaye kasuwar shanu kaf kafin in same ta. Dubi jikinta. Launin Woɗe sak."

Zubaida ta dubi karsanar. Ruwan ƙasa ce, mai duhu, ko kusa da ja ba ta yi ba. Maganar da ta tanada ta taso mata har baki. Ta dubi fuskarsa, yana jira.

Ta karɓi igiyar, ta nufi turken Woɗe da ba komai.