Yatsun Hafiza

A Sabuwa, in gudawa ta busar da yaro har jijiyarsa ta ɓuya, matan ƙauye ba su cewa a kai shi asibiti, cewa suke a kai shi wurin Hafiza. Nas ce, gajera, mai faɗan tsiya, amma in ta ɗora yatsu biyu a goshin jariri, sau ɗaya allurar ƙarin ruwa ke shiga. Matan Damari, can yankin Sabuwa, har rantsuwa suke wai yatsunta na gani.

Shekara tara tana wannan aiki, matsayinta bai motsa ba, sai ta shiga neman shawarar ƙaro karatu. Ta hau mota har Ƙanƙara wurin Hajiya Talatu, tsohuwar shugabar nas-nas da ta koya mata aiki.

"Ke ɗiyar nan, je ki yi ƙwarewar kula da yara," in ji Hajiya. "Shekara guda ce. Ki dawo bakin gadon marasa lafiyarki, a riƙa ba ki alawus na ƙwarewa, ki ci gaba da yi wa mutane tsawa."

Da ta bi wannan, da babu labari. Amma a hanyar dawowa mota ta tsaya a Sheme, ta yi kiciɓis da Malam Labaran, wanda suka yi makaranta tare. Shi tuni ya bar allura ya koma ofis, har ya ajiye tumbi.

"Har yanzu kina nan kina wanke kashin jarirai?" ya ce yana dariya. "Digiri na biyu za ki yi, na tafiyar da asibiti. Takarda babba, kujera babba."

Masu magana sun ce ba kalamansa ne suka ruɗe ta ba, sheƙin takalminsa ne. Ko ma mene ne, ta tafi jami'a, ta yi shekara biyu da rabi tana rubuce-rubuce. Da ta dawo aka tura ta asibitin Faskari, aka ba ta tebur da hatimi da fanka mai kukan tsohuwar akuya. Da ta tambayi alawus, aka ce ai na masu ƙwarewar da ke tsaye kan marasa lafiya ne, takardarta ta zaman ofis ce. Ta haɗiye, ba ta gaya wa kowa ba, kowa kuma ya ji.

Wata Laraba da hantsi, Zainabu, 'yar Damari da aure ya kawo Sheme, ta shigo da jariri a kafaɗa, wuyansa ya langaɓe. Hafiza ce ta taɓa ceto mata ɗan fari, don haka ta ƙi kowa, ta ce sai ita. Hafiza ta fito daga ofis da sauri, zuciyarta fal da murnar da ta jima ba ta ji ba. Ta naɗe hannun riga, ta ɗora yatsu biyu a goshin yaron.

Ba ta ji komai ba. Fata ce kawai, mai zafi.

Ta soka, ba ta samu ba. Ta koma hannu, ta sake kuskurewa. A karo na uku yaron ko kuka bai iya yi ba, sai buɗe baki. Gefe guda Mubina na tsaye, nas ɗin da Hafiza ta koya wa riƙon allura a Sabuwa, wadda ta je ta yi ƙwarewar yaran ta dawo. Kunya ta hana ta magana.

Zainabu ce ta yi maganar, a hankali, idonta a ƙasa.

"Hajiya, ko a bar ma waccan ta gwada?"

A da Malama Hafiza take ce mata. Hafiza ta matsa. Mubina ta ɗora yatsu biyu, daidai yadda aka koya mata, allura ta shiga, ruwa ya fara ɗiga. Yaro ya rayu.

Washegari Hafiza ta rubuta takarda tana roƙon a mai da ita ɗakin yara. Amsa ta zo cikin mako biyu, da ladabi: matsayinta ya wuce bakin gado, kuma babu wanda zai riƙe teburin in ta tashi.

Sai ta samu Mubina tana wanke hannu bayan aikin safe.

"Mubina, in kin samu mai wuyar jijiya, ki kira ni in sake gwadawa."

Mubina ta daɗe tana murza sabulu.

"Anti, wallahi ina so. Amma yaran nan ba su da jijiyar da za a ɓata. Sai dai ki zo ki riƙe mini ƙafa."

Riƙon ƙafa aikin uwar yaro ne, ko mai shara in uwar ta kasa kallo. Hafiza ta ce to.

Yanzu kullum ƙarfe goma za ka ga ofis a buɗe, fanka na kuka, ba kowa a kujera. Tana can ɗakin yara, ta danne ƙafafun wani jariri da hannu biyu, idonta a kan yatsun Mubina.