Darbejiyar Ƙofar Kaltum

A shekarar da fari ya biyo bayan fara ya cinye ɗan abin da ta rage, mutanen ƙauyukan arewa suka riƙa gangarowa Maiduguri da tabarmi da tukwane a ka. Waɗansu suka yada zango a wani fili da ke bayan Ajilari, mallakar Alhaji Ajimi mai fataucin busasshen kifi. Ya ce su zauna don Allah har ruwa ya dawo. Suka kafa rumfunan zana, suka rufe da tsofaffin buhuna, shi ke nan gida ya samu.

Duk ranar Asabar matan Zumuntar Mata na wata majami'a da ke Moduganari sukan zo filin da gero da kuka da sabulu. Shugabarsu Salomi ce, malamar firamare, 'yar ƙasar duwatsu ta kudancin Barno. Mace ce mai zuciyar taimako, amma fa irin taimakon da ba ya tsayawa ya ji ta bakin wanda ake yi wa. Mijinta Dzarma, akawu ne, yakan ce in Salomi ta yi niyyar yi maka alheri, ka kwantar da kai kawai a yi a gama, don gudu ba zai fisshe ka ba.

A cikin mutanen filin babu wadda ta shiga ranta kamar Kaltum. Mijin Kaltum, Madu, shi ya kawo su nan, ita da mahaifiyarsa Ya Gumsu da 'yan mata biyu ƙanana, sa'an nan ya hau motar kaya ya yi kudu neman aiki. Bai san garin da zai tsaya ba, balle ya faɗa. Shi ba ya rubutu, ita ba ta karatu. Abu ɗaya ya bar mata: kada ta motsa daga wurin nan, nan zai dawo ya same su. Saboda haka Kaltum ta kafa rumfarta a bakin hanya sosai, inda ƙura da hayaniya suka fi yawa, don duk wanda ya sauka daga mota idonta ya fara ganinsa. Yunwa da zafi da gori duk tana iya haɗiye su. Abin da ba za ta iya ba shi ne barin wurin, don in ta bar shi ta rabu da mijinta ke nan.

Da bazara ta kankama sai filin ya zama abin tausayi. Ko tsiro ɗaya babu, an sare na sarewa an yi girki da shi. Wata Asabar Salomi ta tarar da Ya Gumsu kwance a rumfa tana numfashi sama-sama, jikokinta na yi mata fifita da murfin kwano. Ranta ya ɓaci ƙwarai. A makon kuwa Fasto Manasse ya yi wa'azi a kan lambun da Allah ya danƙa wa ɗan Adam ya kula da shi, ga kuma ma'aikatan gandun daji suna ta raba dashen darbejiya kyauta. Salomi ta ga ai magana ta haɗu. Asabar ta gaba sai ga akori-kurar majami'a cike da dashe a baƙaƙen ledoji.

To, a nan ne kuskuren yake, kuma duk ɗan garin da ya gaji ƙasa ya san shi. Wanda aka ba aron fili yana iya kafa zana, yana iya ɗaure akuya, amma ba ya dasa itace. Itace shaida ce. Gobe a gaban alƙali sai a nuna shi a ce mai wurin ne ya dasa. Da wannan sharaɗi Alhaji Ajimi ya saukar da su, kowa a filin ya sani. Su Salomi kuwa ina za su sani? A garinsu kowa a gonar ubansa yake dashe, a Maiduguri kuma gidajen ma'aikata suke zaune, inda mai dasa itace yabo yake samu.

Kaltum ta tsaya tana kallon Salomi na haƙa rami a ƙofar rumfarta, da ɗan zanen zumunta ɗaure a ƙugu.

"Malama," in ji ta da 'yar Hausarta ta kasuwa, "akuya za ta ci."

"Za mu kare shi, Ya Kaltum."

"Ruwa babu, Malama."

"Mu za mu kawo. Ke dai ki sa ido, baɗi war haka Ya Gumsu a inuwa za ta yi barci."

Kaltum ta juya ta dubi murhunta. Geron da ke cikin tukunyarta daga hannun matar nan ya fito. Ta yaya za ta dubi idonta ta ce kyautarki masifa ce? Ga tsoron kada baƙin su ɗauka don su Kirista ne ake ƙin abin hannunsu, su yi fushi su daina zuwa. Sauran mutanen filin ma haka suka yi shiru, kowa na jiran wani ya fara. Aka yi godiya, aka ce wushe-wushe, wato sannu-sannu da yarensu, motar ta tafi.

Daga ranar aka shiga wani irin yaƙi wanda ɓangare ɗaya bai ma san ana yi ba. Kaltum ta aro akuyar maƙwabciya ta ɗaure ta dab da dashen, kafin la'asar babu ko ganye. Salomi ta zo ta gani, ta yi tsaki, ta ce akuyoyin garin nan ba su da tsoron Allah, ta kawo wani ta kewaye da ƙaya. Ƙayar ta ɓace, aka ce yara ne suka kwashe don hura wuta. Ruwan da aka bari a jarka don ban-ruwa kuwa wanki aka yi da shi. Da wata macen ce, da tuni ta gaji ta haƙura. Salomi sai ma ta ƙara ƙaimi, don a ganinta talauci ne ya kashe wa bayin Allah zuciya har ba sa iya kula da abin da zai amfane su. Ta koma zuwa sau biyu a mako da kanta, tana biyan mai kura ya turo ruwa. Ta sa aka samo tsofaffin gangunan mai, aka fasa gindinsu, aka kifa kowace a kan dashe aka binne bakinta a ƙasa. Akuya sai dai ta zagaya.

Sai kuma Dorothy ta zo da gwangwanin fentinta. Dorothy ce ma'ajin kayan zumunta, kuma al'adarsu ce duk abin da yake nasu, daga kujera har ludayi, sai an rubuta suna a jiki don kada ya salwanta a gidan biki. Ba da wata manufa ba ta bi gangunan ɗaya bayan ɗaya ta rubuta ZUMUNTAR MATA MODUGANARI da shuɗin fenti, ta ɗora ɗan gicciye a sama kamar yadda take yi wa tukwane. Matan suka ja da baya suka duba, suka ce kai, ya yi kyau.

Damina ta zo, ba ta taka kara ta karya ba, amma darbejiya ba ta da tsada wajen rayuwa. Dashen suka leƙo ta saman ganguna, kore shar, a jere kamar 'yan makaranta. Na ƙofar Kaltum ya fi kowanne tsawo, don shi ya fi shan ruwan Salomi.

Alhaji Ajimi ya daɗe a bakin tafki wajen harkar kifinsa. Ko da ya dawo, ƙannensa ne suka tare shi da maganar, don filin gado ne da ba a raba ba. Ya je ya gani da idonsa: itatuwa a jere a ƙasar ubansa, kowanne da sunan majami'a a gindinsa. Bai ɗaga murya ba. Ya kira dattawan filin ya ce su nemi wani wuri kafin ganin wata.

Salomi ta ji labarin a ƙofar makaranta, ta ja Fasto Manasse har zauren Alhaji. Ya karɓe su da mutunci, ya sa aka kawo ruwa da dabino.

"Alhaji, laifina ne, ba nasu ba," in ji Salomi. "Inuwa kawai na so su samu. Yau ɗin nan zan tumɓuke su duka da hannuna."

"Malama, na yarda da ke. Na san gero kuke kawo musu, Allah ya biya ku." Ya juya carbinsa. "Amma ke da ni ba za mu dawwama ba. Unguwa duk ta ga sunanku a wurin. Bayan ba raina, wani zai tashi ya ce akwai shekarar da majami'a ta yi dashe a nan, ya kawo masu shaida, kuma ba ƙarya za su yi ba. Me zan ce wa 'yan'uwana?"

Fasto ya ce za su rubuta takarda su sa hannu cewa ba su da haƙƙin komai a filin.

"Takarda tana ɓata, Fasto. Na riga na yi wa ƙannena alkawari za mu ja katanga. Da na san haka alherin zai ƙare, da tun farko ban fara ba."

Babu faɗa, babu zagi, shi ya sa ma abin ya fi ciwo. Suka fito, Salomi ta rabu da Fasto a ƙofar gida.

Ta wuce filin kai tsaye. Ta tarar Kaltum na kwance igiyoyin zana tana naɗewa a hannu.

"Ya Kaltum, kin sani? Tun farko kin sani?"

"Na sani, Malama."

"To don me ba ki faɗa mini ba?"

Kaltum ta ɗago ta dube ta, ba da fushi ba, gajiya ce kawai a fuskarta. "Na faɗa miki da akuya. Na faɗa miki da ƙaya. Bakina ne bai iya ba. Kina ba 'ya'yana abinci, yaya zan ce miki a'a?"

Salomi ta fashe da kuka a gaban mutane, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce su zo Moduganari, za ta ba su ɗakin ajiyarta. Kaltum ta girgiza kai, ta ce Madu bai san wani Moduganari ba. Ta koma gefen hanya da 'yar tabarmarta, suka yi kwanaki a nan rana na dukansu, har jikin Ya Gumsu ya tsananta. Wasu danginsu da ke aikin shinkafa a Zabarmari suka zo suka kwashe su. Kafin Kaltum ta hau mota ta kama hannun Salomi ta ce in Madu ya zo a gaya masa.

Salomi ta bar saƙon wurin mai shayin bakin hanya da mai faci da duk wanda zai saurare ta. Bayan girbi ta ɗauki gero ta tafi Zabarmari. Aka ce ai tsohuwar ta rasu, aikin shinkafa ya ƙare, matar ta bi wasu mutane da 'ya'yanta. Wani ya ce bakin tafki suka nufa, wata ta ce a'a, sun tsallaka iyaka. Ta koma sau da dama, kowace tafiya labarin sai ƙara dusashewa yake.

Alhaji ya ja katangarsa, aka sare itatuwan da ke ciki, gangunan kuwa 'yan gwangwan suka kwashe. Guda ɗaya ce ta tsira, ta ƙofar Kaltum, don ita a wajen katanga ta faɗo, a ƙasar hanya. Babu mai ba ta ruwa, amma ta ƙi mutuwa. Zumunta ta koma kai taimako gidan marayu da asibiti, aka zaɓi wata shugabar. Salomi dai ba ta fasa bi ta Ajilari ranar Asabar ba, ko da mai shayin ya tashi, mai facin ma ya koma wata unguwa.

Damina uku bayan haka, wata Asabar da hantsi, ta hango mutum zaune a gindin darbejiyar. Dogo ne, ya rame, ga akwatin ƙarfe a gefensa, a kai an ɗaure sababbin kwanonin samira da turmin atamfa. Ba ta taɓa ganinsa ba, amma ta nufe shi kai tsaye.

Suka gaisa. Ya ce sunansa Madu, a nan ya bar iyalinsa, tun jiya yake tambaya ba wanda ya san su. Salomi ta durƙusa ta gaya masa abin da ta sani: mai fili ya tashe su, mahaifiyarsa ta rasu a Zabarmari, Kaltum da yara ba a san inda suka yi ba. Dalilin tashin ne kawai ta ɓoye masa.

Ya yi salati, ya sunkuyar da kai. Sa'an nan ya share fuska da hannun riga.

"Kaltum ba ta saɓa magana," in ji shi. "Na ce mata nan. In ta samu hali, nan za ta dawo. Zan jira."

"Malam Madu, ka zo gidanmu ka huta tukuna."

"A'a, Mama, kada ta zo ba na nan." Ya ɗaga kai ya dubi ganyen da ke kaɗawa a samansa, ya dafa gindin itacen. "Da na tafi ko ciyawa babu a wurin nan. Ga shi na samu inda zan zauna. Wanda ya dasa wannan, Allah ya saka masa da alheri, ya yi masa inuwa ranar da babu inuwa."

Ya dube ta yana jiran ta amsa. Salomi, wadda a majami'a muryarta ce ke fara tashi a ƙarshen kowace addu'a, ta motsa leɓe, amma amin ɗin ta ƙi fitowa.