Karen Kamilu

Mamuda ya bar farauta ne tun ranar da aka zo masa da labarin Kamilu. Kamilu shi ne autansa, shi kaɗai ne kuma namijin da ya rayu a cikin 'ya'yan da Hure ta haifa masa. Tare suke shiga daji tun yaron bai kai tsayin gora ba, har ya girma ya fi uban gudu da iya jifa. Da zinari ya ɓulla a ƙasar Anka, samarin ƙauyensu da ke kusa da Gwashi a ƙasar Bukkuyum suka yi ta tafiya haƙa, shi ma ya bi su, ya ce da ya samu abin aure zai dawo kafin ruwa ya sauka. Rami ne ya rufta da shi da wasu abokansa. Aka yi ta tono har aka gaji, ruwa ya cike ramin, ba a kai gare su ba. Haka aka yi zaman makoki ba a ga gawa ba.

Abin da Kamilu ya bari a gidan shi ne karensa, baƙi wuluk mai dogayen ƙafafu, ana ce masa Duna. Da can Hure ba ta yarda karen ya ƙetare zaure, ko inuwarsa ta gani kusa da tukwanenta sai ta ɗauko muciya. Bayan rasuwar sai ga shi ita ke zuba masa ƙanzo da hannunta. Duna ya samu wuri a gindin rumbu, daidai ƙofar ɗakin Kamilu, ya kwanta. Yakan ci kaɗan, ya koma ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa. Ya rame, gashinsa ya dushe, ko akuya ta tsallake shi ba ya ɗaga kai. Damina biyu ta wuce yana nan a haka.

Wata rana bayan an gama kaka Sarkin Dawan yankinsu ya yi sallama a ƙofar gidan. Tsohon abokin Mamuda ne, tare suka yi ƙuruciya. Ya ce gyado ya addabi mutanen fadama, ya tone rogo, ya gama da dankali, har rake bai bari ba. Don haka mafarautan Anka da na Gummi da na Bukkuyum sun shirya gasa ranar Asabar da Lahadi a dajin da ke bakin gulbi. Da karnuka za a yi, da mashi da gora da barandami, ban da bindiga saboda taron jama'a. Garin da ya fi tara wutsiyar gyado shi ke da babban rago, naman kuma, tunda su ba sa ci, Dakarkarin da za su zo daga wajen Zuru su kwashe abinsu.

"Na aje gora, Sarki," in ji Mamuda.

"Kai ka aje. Shi wanga kare ya ce maka ya aje? Dube shi hwa. In ka bar shi haka mutuwa za shi yi kana kallo."

Da Mamuda ya shiga ya gaya wa Hure, ta ci gaba da tankaɗenta. Can ta ce, "To, Malam. Amma yadda ka ɗauke shi, haka za ka maido mini shi."

Ranar Asabar da hantsi aka taru a Nasarawa Burkullu. Mutane sun fi ƙarfin ƙirga, kowa da warkinsa da layunsa, makaɗa na kiɗa, 'yan tauri na kirari, karnuka sai haushi suke suna fizgar igiya. Daga nan aka dunguma zuwa daji, aka bazu, kowane gari da ɓangarensa. Mamuda ya kwance Duna. Karen bai yi gaba ba, bai shinshina ƙasa ba, ya dai biyo shi a baya kamar ɗan tinkiya. Wani saurayi ya ce, "Baba, wanga kare naka rakiya ya zo?" Aka yi dariya, wani ya zungure shi ya raɗa masa ko karen wane ne.

Rana ta take tsaka sai ihu ya tashi daga ɓangaren mutanen Gummi. Gyado ne ya fasa layinsu ya nufo nan, wutsiya a miƙe sama, ƙura na bin sa. A bayansa akwai wani saurayi siriri ɗan Gummi mai suna Surajo, da mashi a hannu da karnukansa biyu, yana gudu yana kuwwa, yana tsallake kututture kamar ba ya taka ƙasa. Ya gifta ta gaban Mamuda.

Duna ya ɗaga kunnuwa. Ya waiwayo ya dubi Mamuda, Mamuda ya yunƙura zai ruga, gwiwoyinsa suka ƙi. Kafin ya yi taku kaɗan karen ya ɓace cikin sabara a bayan Surajo.

Da ya isa wurin yana haki, an riga an gama. Gyadon na kwance, Surajo na goge mashi da ganye, Duna na tsaye kusa da shi, harshe waje, baki duk jini, wutsiyarsa na kaɗawa. Mamuda ya tsaya yana kallon wutsiyar nan, don rabonsa da ya ga ta motsa tun Kamilu na gida.

Surajo ya durƙusa ya gaishe shi. "Baba, naka na? Wallahi ban taɓa ganin kare mai kama kunne irin wanga ba. Wa ya hore shi?"

"Ɗana," in ji Mamuda.

"Ina shi? Ina son in gan shi."

"Ya riga mu."

Surajo ya sunkuyar da kai, ya yi masa ta'aziyya, ya kamo karen da kansa ya miƙa masa. Mamuda ya ɗaure shi. Amma da aka sauka hutawa da yamma, duk inda Surajo ya motsa idon Duna na can, yana 'yar ƙara a maƙogwaro.

Ranar Lahadi Mamuda yana kwance igiya karen ya tafi, bai ko waiwaya ba. Zuwa la'asar Anka tana baya, Gummi da Bukkuyum sun yi kunnen doki, sai aka tayar da wani tsohon gyado wanda manoman fadama suka daɗe suna ba da labarinsa, hauren nan nasa ya lanƙwaso har kusa da ido. Ya farke cikin kare ɗaya, ya watsar da sauran, ya je ya shige wani rami da dabgi ya haƙa, da baya, kai na fuskantar waje yadda gyado kan yi. Ba karen da ya yarda ya matsa. Duna ne ya zagaya ta saman ramin, ya kwanta yana jira. Mutane suka yi ta buga ƙasa da gora, gyadon ya fito a fusace, Duna ya diro masa ya cafke kunne. Gyadon ya yi ta jan sa cikin ƙaya, ya tsaga masa kafaɗa, bai saki ba, har Surajo ya iso ya soka mashi a bayan haƙarƙari.

Nan rigima ta tashi. Mutanen Bukkuyum suka ce al'ada ta ce nama na wanda karensa ya fara kamawa ne, kare kuwa nasu ne. Mutanen Gummi suka ce mashinsu ne ya kashe, kuma tun jiya a bayan ɗansu karen yake. Murya ta hau murya, gora ta tashi sama, wani ɗan tauri ya zare wuƙa yana karta ta a cikinsa. Sarakunan Dawa na ta ba da haƙuri ba mai jin su.

Mamuda bai sa baki ba. Yana can gefe yana kallon Surajo, wanda shi ma bai kula da rigimar ba. Saurayin ya yage gefen rigarsa yana ɗaure wa Duna kafaɗa, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, karen kuma ya kwantar da kai a cinyarsa. Mamuda ya kira, "Duna." Karen ya kaɗa wutsiya, bai tashi ba.

Sai ya ratsa taron ya shiga tsakiya, ya ɗaga hannu. "Ku dakata! Ba wani kare na Bukkuyum a nan. Karen wanga yaro na. Na ba shi."

Aka sauke gora. Sarkin Dawan yankinsu ya ce, "Mamuda, ka san abin da kaka hwaɗi?"

"Na sani. Ku shaida."

Surajo ya miƙe a ruɗe, ya ce shi bai roƙa ba, ba zai iya karɓa ba. Mamuda ya ce, "Ni ba ni iya gudu, ɗana. Shi kuwa gudu ya sani. Ka dai riƙa ba shi da hannunka, ba ya cin abin da anka watsa mai ƙasa." Gummi ta ɗauki rago. Mutanen garin Mamuda suka watse suna gunaguni, wasu ko sallama ba su yi masa ba. Sarkin Dawa ne ya goyo shi a babur har gida.

Hure tana tsakar gida tana sheƙe gero. Ta dubi bayansa, ta dubi hannunsa.

"Ina shi?"

"Yana nan da rai."

"Ban ce ya mutu ba. Na ce ina shi?"

Ya zauna a kan turmi ya gaya mata duka, bai rage komai ba. Ta ajiye faifan a hankali.

"Ka ba da shi. Ga wanda ba ka sani ba. Ba ka tuna akwai ni ba."

"Hure, da kin gan shi yana gudu..."

"Ni ban gani ba! Ni abin da na sani, in na fito da asuba ina ganin shi ƙofar ɗakin nan, in ce yana jiran mai shi. In yana jira ni ma sai in jira. Yanzu wa ka bar mini?"

Daga ranar ta ci gaba da yi masa tuwo, tana kai masa ruwan alwala, amma magana ba ta wuce gaisuwa. Wata ya kusa cika a haka, sai wata safiya ya fito ya same ta ta yafa mayafin fita unguwa. Ta ce ya kai ta Gummi.

Suka hau babur zuwa bakin titi, suka shiga mota. Da tambaya suka gano gidan a bayan gari. Mahaifiyar Surajo, wata dattijuwa mai suna Barakatu, ta shimfiɗa wa Hure tabarma, ta kawo fura, ta ce tun daga ranar gasar ɗanta ba ya da zance sai na tsohon da ya yi masa kyautar da ta fi ƙarfinsa. Ana cikin haka sai ga Duna ya shigo a guje. Ya yi kan Hure, ya faɗi a gabanta yana birgima, yana lasar ƙafafunta, yana kuka kamar yaro. Ta sa hannu ta shafa shi. Ya yi ƙiba, gashinsa na sheƙi, ciwon kafaɗar ya warke sai tabo.

Surajo ya tsuguna daga nesa. "Inna, ban san ba ki sani ba. Wallahi da na sani da ban taho da shi ba. Ku tahi da abinku, ni zan kai muku shi har gida."

A waje abokan Surajo sun taru za su fita daji, ana ta fito, karnuka na haushi. Duna ya zabura ya yi ƙofa, ya tsaya, ya dawo wurinta, ya sake komawa. Ya rasa inda zai sa kansa. Ta daɗe tana kallonsa.

"Shekarunka nawa, yaro?" ta tambayi Surajo.

Ya faɗa mata, ashe sa'an Kamilu ne. Ta gyaɗa kai. Ta juya wajen Barakatu ta ce, "Kada ki bari shi tahi haƙar zinari, ko mi anka ce ana samu." Sannan ta ce wa Surajo, "Tashi, suna jiran ka. Ku tahi."

Ya tashi yana waiwaye. Karen ya bi shi, daga zaure ya leƙo sau ɗaya, ya wuce.

A mota Hure ta zauna jikin taga, Mamuda na gefenta. Sun yi nisa da gari, an wuce gonakin da aka girbe sai karan dawa a tsaye, ta ce ba tare da ta dube shi ba, "Malam, ashe Kamilu ba ya dawowa."

"Ba ya dawowa, Hure."

Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suka fara girgiza. Wata mata da ke bayansu ta dafa ta tana tambaya ko rasuwa aka yi. Mamuda ya ce i, rasuwa aka yi. Matar ta ce Allah Ya jiƙan rai, sauran fasinjoji suka amsa da amin, direba ya rage ƙarar rediyo, motar ta ci gaba da tafiya.