Kwantaccen Cikin Hindu

"Yaya Tsahara, aje dakan ga, zo ki gani."

Ta saman danga Hindu ta kira ni, murya ƙasa-ƙasa kamar wadda ta tsinci abin wani. Na jingine taɓarya na zagaya. Dangar kara ce kawai ta raba gidanmu da nasu a Tsarnawa. Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka kawo ta ɗakin Labo mai gyaran amalanke, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Ta ja ni bayan rumbu ta buɗe mini gefen zanenta na ciki. Jini ne, ba yawa, baƙi-baƙi kamar tukar goro.

"Ba hwashin salla ba na?" na ce.

"A'a. Kwana goma sha biyu da nig gama. Shi ma wancan kwana guda yay yi ya ɗauke."

Na ɗaga kai, sai na ga murmushi take yi.

Shekara biyu kafin wannan rana, al'adarta ta taɓa tsayawa wata biyu sannan ta dawo. Inna Gimbiya, ungozomar unguwarmu, ta shafa mararta ta ce ciki ne ya shiga ya kwanta, zai tashi ranar da Allah Ya so. Tun daga nan Hindu ta daina ɗaukar tulu biyu. In mata suka yi mata habaici a bakin rijiya, sai ta dafa mara ta wuce abinta. Ni kuwa tsakani nake. An ce kawuna ma shekara uku ya kwanta a ciki, kuma duk wanda ya san lalacin kawun nan ba zai yi musu ba. Amma haihuwata shida, ban taɓa ganin jini mai wannan launi ya zo da alheri ba.

Da la'asar Inna Gimbiya ta zo ta duba. Ta daɗe tana danna-danna, Hindu tana cije leɓe duk lokacin da hannun ya kai gefen dama.

"Juyi shikai," in ji tsohuwar. "Wanda yad daɗe kwance, in za shi tashi sai ya kaɓe shimhiɗa. Ki sha saiwag ga da kunu, ki kama bakinki. Baki shi aka tsoro."

Da ta fita na ce, "Hindu, mu tahi matanite, asibitin haihuwa na Konni, gobe. Sajfam, ungozomar asibiti, ta duba ki, mu dawo kahin azahar."

Fuskarta ta canza nan take. "Su wanke mani shi? Matar Takama da tat tahi da jini, ba wanke ta anka yi ba? Ke kina da shidda, Yaya. Ni wanga guda ɗai gare ni. Rantse mani ba ki hwaɗa ma kowa, ko shi mai gidan."

Ni da ake cewa bakina ya fi reza, ni da na taɓa tsayar da jandarma a tasha sai da ya ba ni haƙuri, wannan magana ta ci ƙarfina. Na rantse. Har gobe in na tuna rantsuwar nan sai na ji na tsani kaina.

Kwana tara muka yi a haka. Jinin ya zo yau, ya ɗauke gobe, ya dawo jibi. Lokacin kaka ne, kowa yana gona, amalanke na karyewa ƙarƙashin dammunan hatsi, Labo ba ya shigowa gida sai cin abinci. Mutum ne mai shiru, in ya ga ta rame sai ya sayo mata tsire ya ajiye a bakin ƙofa. Ni nake yi mata daka, ita tana zaune a kan turmin da aka kifa tana ba ni labarin yadda za a yi suna. Wai sai ta gayyato dangin Labo na Dogarawa kaf, musamman gwaggon nan da ta kira ta juya a gidan biki.

"In ba ta shi ta riƙe," ta ce, "in gani ko hannunta na rawa."

Ran kwana na takwas ta ce kafaɗarta na ciwo. Inna Gimbiya ta shafa mata man shanu, ta ce me ya haɗa kafaɗa da ciki. Na duba cikin idon Hindu, fari fat. Na sake yi mata maganar Konni, har na ɗaga murya. Ta juya mini baya ta ce in hassada nake yi in faɗa. Na yi fushi na koma gidana, ban leƙo ba sai washegari.

Da hantsi na ji faɗuwar kwano, ban ji an ɗauka ba. Na tsallake dangar ta inda awaki suka ɓula. Tana kwance a ƙofar madafa, jikinta sanyi ƙalau, gumi ya jiƙa mata goshi. A ranar na karya rantsuwa. Na ruga har rumfar Labo ba mayafi, na faɗa masa komai a gaban mutane. Ya ajiye guduma ya nufi tasha, ya dawo da Maikano direba da motarsa kat-san-kat mai tanti, wadda ke ɗaukar albasa. Muka shimfiɗa tabarma a baya.

A matanite sajfam ta ɗora hannu a cikin, wanda ya kumbura ya yi tauri, ta dube ni.

"Tun yaushe taka jini?"

"Kwana tara."

Sajfam ta rufe ido. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta kira majo, babban malamin asibitin, suka yi magana da Faransanci, aka sa mata ruwa a hannu, aka ce a nemo motar asibiti a wuce da ita inda za a yi mata aiki. Sannan ta gaya mana da Hausa: ciki ne sabo, bai fi sati bakwai ba, amma bai zauna a mahaifa ba, a hanya ya tsaya, ya fashe. Jinin da muke gani a zane ɗan kaɗan ne, sauran duk ciki yake zuba.

Na ɗauka Hindu ba ta ji. Sai ta buɗe ido.

"Madam, ciki na?"

"Ciki na, Hindu."

"Yaya Tsahara, kin jiya?" Hannunta ya lalubo nawa. "Ba ni nic ce ba, likita tac ce. Ki hwaɗa musu."

"Ina hwaɗi," na ce. "Har Dogarawa sai na tahi na hwaɗi."

Ta yi ɗan murmushi. Waccan ce maganarta ta ƙarshe a duniya. Kafin motar ta shigo harabar, sajfam ta zare robar ruwan ta ja mata mayafi.

Maikano ne ya maido mu. Aka kwantar da ita a kan tabarmar, kanta a cinyata, Labo ya zauna a bakin motar ya zura wa kwalta ido. Maikano yana son mu isa a yi sutura kafin la'asar, sai ya taka mota. Muka faɗa wani rami bayan fita gari, jikinta ya girgiza. Labo ya miƙe a durƙushe ya buga ƙarfen bayan direba da tafin hannu. Motar ta tsaya, Maikano ya leƙo.

"Lahiya, Malam Labo?"

"Bi sannu," in ji shi. "Su biyu na."

Maikano ya dube shi, ya dube ni, ya mayar da kansa ciki. Muka ci gaba a gefen hanya kamar masu tafiyar ƙasa. Wata amalanken jaki ta zo ɗauke da dammunan hatsi ta wuce mu, mai ita ya leƙa cikin tanti, ya cire malafarsa.