Kayan Barka Daga Ofis

Zakiyya na kwance a ɗakin Inna a Kiyawa, jikinta bai gama hucewa daga ruwan wankan jego ba, motar ofis ta tsaya a ƙofar gida. A shekarar ne kamfanin kwangilar da take yi wa aiki a Dutse ya kwashe tafireta ya kafa kwamfuta, kuma ita kaɗai aka tura koyo.

Direba, Malam Idirisu, ya yi sallama daga zaure, aka shigo da manyan kwalaye. Matan gida suka ɗauka kayan barka ne. Wata gwaggo har ta rangaɗa guɗa, Inna kuwa sai sa wa mai kamfanin, Alhaji Maharazu, albarka take yi. Da aka farke kwalin farko sai ga kwamfutar teburinta, da tabon shayin da ta taɓa zubarwa a gefenta. Ƙaramin janareta na cikin na biyu.

Zakiyya ta zura hijabi ta ja ƙafa zuwa zaure. Bayan gaisuwa ta tuna masa cewa doka ta ba ta hutun haihuwa, ko rabinsa ba ta ci ba. Malam Idirisu ya sunkuyar da kai, ya ce shi ɗan aike ne.

"Alhaji ya ce bai taɓa hutunki ba, Malama. Dokar cewa ta yi kada ki zo wurin aiki, kuma ga shi ba ki zo ba."

Ya ce zai riƙa kawo takardu yana karɓar aikin a faifan kwamfuta. In kuma ba za ta iya ba, akwai wani shago a bayan kasuwa da ke buga takardu shafi-shafi, Alhaji ya fara tunanin ko ofis na bukatar mai bugu na dindindin.

Da ta koma ciki, Inna ta ce a zamaninsu ko daka ba a barin mai jego ta yi. Ta kuma tambaya, da gaske take son sani, ko aikin nan ya kai daka nauyi. Zakiyya ta duba yatsunta. Ta ce bai kai ba.

Aka sauke kwanukan Inna daga kan tebur. Ƙarar janareta ta tashi jaririn, Zakiyya ta ɗauko shi ta sa a nono, ta tallafe shi da hagu. Takardar farko ta kwangilar kwalbati ce a Taura. Ta soma laluben haruffa da hannu ɗaya.